Aji Mai Kusurwa Takwas

Ina shekarata ta uku da fara koyarwa a firamaren ƙauyenmu, can arewa da Bici, iska ta kwashe rufin ajina. Ni ke riƙe da aji shida. Wata Laraba ce bayan la'asar, an riga an tashi yara, hadarin farko ya taso daga gabas. Mutane suka fito ƙofar gida suna murna, don damina biyu ke nan a jere ruwa yana yi mana rowa. Sai hadarin ya zo da iska fiye da ruwa. Da gari ya waye muka tsinci kwanon ajin a cikin gonar wani bawan Allah, ya nannaɗe kamar tabarma, katakon da ke riƙe da shi duk ya kakkarye. Ruwan da ya sauka kuwa ko shuka bai isa a yi da shi ba.

Hedimastanmu mutum ne mai haƙuri da son rubuta takarda. Ya rubuta ta farko, ya rubuta ta biyu, ya hau kekensa ya bi sawu da kansa. Amsar dai ɗaya ce, a jira. Ban ga laifin kowa ba, domin lokaci ne da ko da kuɗinka a hannu sai ka sha yawo kafin ka ga kwano ko siminti a kasuwa. Muka kwashe tabarmi muka koma gindin darbejiyar da ke bayan makaranta, aka kafa allon a jikin bishiyar da ƙusa. Inuwa na matsawa muna binta. Awaki na ratsa mu. In mai tallan ƙuli-ƙuli ta wuce, sai na jira ta ɓace kafin in sake samun idon yara.

Daminar nan ma ba ta yi ba. Gero ya fitar da kai ƙanana kamar yatsa, dawa ta bushe a tsaye. Gidaje da dama suka tashi suka nufi kudu, maigidana ma ya bi ayari neman aiki, ni kuma na koma gidan iyayena da 'yata a goye. Yaran ajina da suka haura talatin suka koma goma sha tara.

Mahaifina magini ne, irin na ginin ƙasa. Da ina ƙarama ba ya zama a gida da rani, daga wannan gari a kira shi zuwa wancan, ya yi wa wannan zaure, ya yi wa wancan soro. Da kuɗi suka yawaita a ƙasa kowa ya koma bulo da kwano, sai aikinsa ya ja baya, ya zama sai ɗan yaɓe da toshe yoyo. Bai taɓa kuka da haka ba a gabana. Yana noma 'yar gonarsa, in ya dawo ya zauna a zaure yana tufka igiya. Ni ce 'yarsa ta fari, saboda haka bai taɓa kiran sunana ba. Da can "ke yarinyar nan" yake cewa, da na fara aiki ya mayar da ni Malama. Shi ya sa ni a makaranta da hannunsa, amma har lokacin da nake ba da labari bai taɓa taka ajina ba.

Bayan an gama ɗan girbin da aka samu, dagaci da hedimasta suka zo wurinsa wata safiya. Na kai musu ruwa, na tsaya daga bayan ƙofar zaure ina ji.

Dagaci ya ce, "Malam, yaran nan ba za su sake shekara a gindin bishiya ba. Ƙasa dai ba saye ake yi ba. Ka yi mana ɗaki."

Baba ya ce, "Ƙasa akwai, ranka ya daɗe. Ruwan kwaɓi ma akwai saura a kududdufi in an yi sauri. Azara fa?"

Azara ita ce itacen giginya da ake tsagawa a yi rufi da shi, ko gara ba ta iya cinsa. A yankinmu gona na manne da gona, giginyar da ta rage ba mai yarda a sare masa. Dagaci ya ce waɗanda suka tashi sun bar masa amanar gidajensu, wasunsu kuma sun ce in wani abu zai yi amfani a ɗauka, kada ɗakunan su rufta su binne shi. Baba ya ce a tattaro tukuna ya gani, domin azara ce ke yanke girman ɗaki.

Kwana uku ana kwaso ta a kan jakuna ana zubewa a filin makaranta. Baba ya bi ta ɗaya bayan ɗaya, yana ƙwanƙwasawa da ƙotar gatari yana saurare, yana aunawa da hannunsa daga gwiwar hannu zuwa ƙarshen yatsa, abin da muke kira kamu. Mafi tsawonta kamu biyar ne. Hedimasta yana son ɗaki mai kamu goma kowane gefe, don yara su sami wurin miƙe ƙafa. Baba ya zana abin a ƙasa da sanda. Ya ce zai tayar da ginshiƙi a tsakiya, ya buɗa kansa kamar naman kaza. Daga kan ginshiƙin zuwa tsakiyar kowane bango azara za ta kai. Kusurwoyin nan huɗu ne ba za ta kai ba, sun yi nisa. Dabarar ita ce a gitta azara a kan kowace kusurwa daga wannan bango zuwa wancan, a yanke kusurwar, sai rufin ya koma mai gefe takwas. Daga nan a miƙo azara takwas daga ginshiƙi zuwa kusurwoyi takwas ɗin, a jera ƙanana a tsakaninsu.

Ya ce, "Amma sai takwas ɗin nan sun zo daidai wa daida. In wani ya fi wani, nauyi zai taru a wuri guda."

Da yammacin ranar ya kafa turaku huɗu, ya ja igiya, ya fitar da murabba'in ɗakin. Ya ce gobe zai raba shi takwas. Da asuba sai aka aiko cewa wani abokinsa na ƙuruciya ya rasu a wani ƙauye wajen Tsanyawa, ya ɗauki sandarsa ya tafi jana'iza.

Mutane kuwa sun taru da fartanya da sungumi, wajen su goma sha biyu, kuma rabinsu suna shirin tafiya cin rani a ƙarshen mako. Hedimasta ya dubi rana, ya dube ni. Ya san a watan nan nake koya wa yara siffofi masu gefe da yawa, mai biyar, mai shida, mai takwas, waɗanda gefensu da kusurwarsu duk daidai suke. Ya ce wa jama'a, "Ai ga 'yar magini, ga ta kuma gwanar lissafi. Malama, fitar mana da shi kafin Baba ya dawo, kada ranar ta tafi a banza."

Ban yi musu ba. Gaskiya ma daɗi na ji. Na gyara goyona, na ɗauki igiya. A raina na ce abu ne mai sauƙi: kowane gefe a raba shi uku daidai, a bar na tsakiya, a haɗa na kusurwa da na kusurwa. Na ninka igiyar uku, na kafa turaku biyu-biyu a kowane gefe, na ja layi da toka. Da na ja da baya na duba, ga gefe takwas nan cif. Wani dattijo ya ce, "Kai, boko ya yi rana." Na koma gindin bishiya wurin yara, mutane suka fara share wurin da ginshiƙi zai zauna.

Baba ya dawo bayan azahar, ƙafarsa buɗu-buɗu. Ya gaisa da kowa, aka yi masa ta'aziyya, sannan ya zagaya layin tokar sau ɗaya a hankali. Bai tambayi wanda ya yi ba. Ya je ya zaɓo azara mafi tsawo, ya kwantar da ita a kan turaku biyu na kusurwar gabas. Ina hango shi daga gindin bishiya. Azarar ta kai, amma da ƙyar, abin da ya haura kowane turke bai fi yatsa uku ba. Ya ɗauke ta ya kai gefen da ke bin bango, sai ta zarce da kusan kamu biyu.

Ya miƙe ya ce wa mutane, "Ƙasar nan da aka jiƙa jiya tana son a tattake ta kafin ta sha iska. Ku taimaka." Duk suka nufi bakin kududdufi, har da hedimasta, wanda ya naɗe ƙafar wandonsa ya bi su. Sai da filin ya zama babu kowa ya yafito ni da hannu.

Na zo na durƙusa. Na ce, "Sannu da dawowa, Baba. Ya haƙuri?"

Ya ce, "Da godiya. Malama, ke kika ja wannan?"

"Ni ce, Baba."

"Kin yi ƙoƙari. Layinki a miƙe yake. Amma dubi nan. In na ɗora azara a kan bango da yatsa uku, na zuba mata ƙasa, a kan 'ya'yan wa za ta sauko?"

Kunya ta rufe ni har cikin kunne, domin tun kafin ya gama magana na ga inda na kauce. Gefen da ya gitta kusurwa ba zai taɓa zama daidai da guntayen da aka yanka ba, dole ya fi su tsawo. Abin da nake faɗa wa yara ke nan a kan allo, da aka ba ni igiya da ƙasa sai na manta.

Ya ce, "Riƙe nan."

Ya ba ni bakin igiya na riƙe a turken kusurwa ɗaya, ya ja ta zuwa kusurwar da ke fuskantarta. Ya sake jan wata ta ɗaya ɓangaren, suka gitta juna. Inda suka haɗu ya kafa turke, ya ce nan ne cibiyar ɗaki. Sannan ya ɗauki igiya ya auna daga kusurwa zuwa cibiyar, ya ƙulla. Ina riƙe da bakinta a kusurwar, ya juyo da ƙullin ya kwantar a kan layin bango na dama, ya kafa turke. Ya juya da shi layin hagu, ya kafa wani. Muka bi kusurwa huɗu muna yin haka. Turaku takwas suka fito, kowanne ya ɗan matsa kusa da kusurwa fiye da nawa. Ya karya kara daidai da tazarar turke da turke, ya miƙo mini.

"Zagaya da shi."

Na zagaya. Karan ya shiga tsakanin kowane turaku biyu kamar da shi aka auna su, har sau takwas. Ya ɗora azarar a kusurwar gabas, ta zauna da rarar kusan rabin kamu ta kowane ɓangare. Ya sa ƙafa ya goge layin tokata, ya ce in kawo sabuwar toka. Da mutane suka dawo da laka har gwiwa, sai suka tarar da ni ina jan layi, shi yana tsaye yana kallo. Babu wanda ya san an canza wani abu, in ban da hedimasta, wanda ya dubi ramukan tsofaffin turakun ya kawar da kai.

Kwana biyu abin yana raina. Duk na dawo daga makaranta sai in zauna a inuwar rumbu da takarda. Na lissafa nawa, na ga gefen kusurwa ya kusa kamu biyar saura kwata, na bango kuwa uku da ɗan wani abu. Na lissafa na Baba, na ga duka takwas ɗin kamu huɗu ne da 'yan yatsu, babu wanda ya fi wani ko da ƙwayar gero. A kwalejin horon malamai ba wanda ya taɓa nuna mana wannan hanya. Na same shi a zaure na tambaye shi yadda aka yi ya san rabin igiyar gicciye ita ce ma'auni.

Ya ce, "Baffana ne ya nuna mini, shekarar da muka yi wani masallaci. Shi ma nuna masa aka yi."

"Bai gaya maka dalili ba?"

"Ban tambaya ba. A zamaninmu in an ce riƙe nan, riƙewa kake yi." Ya ɗan yi murmushi. "Takardarki ta yarda da shi?"

Na ce, "Ta yarda, Baba."

Ya ce, "To, alhamdu lillahi."

Kafin a fara tona harsashi na roƙe shi ya bar mini turakun nan na safiya ɗaya. Na kawo yara, kowa na ce ya zo da igiyar ɗaure akuya. Wata guda ina fama da su a kan allo, suna haddace sunayen Turanci suna rerawa kamar waƙa, in na juya tambayar sai su rikice. Ranar na tsayar da yaro ɗaya a kowane turke. Na ce wa na farko ya miƙa igiya ga duk wanda ba maƙwabcinsa ba ne. Igiya biyar suka tashi daga hannunsa, suka raba filin gida shida, kowane gida mai kusurwa uku. Sun riga sun san kusurwoyin mai kusurwa uku in an haɗa digiri ɗari da tamanin ne. Muka ninka shida, muka sami dubu da tamanin. Muka raba wa turaku takwas, kowanne ya tashi da ɗari da talatin da biyar. Na ɗauko babban ma'aunin kusurwa na katako da muke da shi guda ɗaya a makaranta, na kwantar a kan layin toka. Yara suka taru a kaina suna leƙe. Ya nuna ɗari da talatin da biyar, suka sa ihu kamar an ci ƙwallo.

Sai na tambaye su, in kowa ya miƙa wa kowa, igiya nawa za ta ratsa filin? Suka ce takwas sau biyar, arba'in. Na ce to a ja mu gani. Ana cikin ja, wata yarinya mai shiru-shiru da ke tsaye a turken yamma ta ƙi karɓar igiyar da aka miƙo mata. Ta ce, "Malama, ai tsakanina da shi akwai igiya tun ɗazu. In na karɓi wannan ta zama biyu." Daga nan suka gane kowace igiya mutum biyu ke riƙe da ita, arba'in ɗin sai an raba ta biyu. Muka ƙirga ashirin a ƙasa.

Duk wannan Baba yana bakin ramin kwaɓi yana murza tubali, ban zaci yana saurare ba. Da yamma bayan la'asar ina tankaɗe wa Inna garin tuwo, sai ya leƙo tsakar gida.

"Malama, in da kusurwar goma ce, igiya nawa ke nan?"

Na ce, "Talatin da biyar."

"Haka nan da ka? Ba ki kafa turke ba."

"Kowane turke zai bar kansa da maƙwabtansa biyu, Baba, saura bakwai. Goma sau bakwai saba'in. A raba biyu."

Ya dube ni, ya juya ya fita. Can sai ga shi da guntayen kara goma. Ya zana da'ira a tsakar gida ya kakkafa su, ya shiga ɗakin Inna ya ɗauko mazarinta da zaren da ta kwana biyu tana kaɗi. Inna ta ce, "Malam, lafiya? Zaren nan fa na saƙa ne." Ya ce zai mayar mata ba tare da ya tsinka ba. Ya tsuguna, dattijo mai shekara sittin da ɗoriya, yana kai zare daga kara zuwa kara, duk layi ɗaya ya jefa tsakuwa a cikin hularsa. Kaji suka zo suna tsallakawa, Inna tana korarsu tana mita. Da ya gama tsakar gidanmu ta zama kamar saƙar gizo-gizo. Ya zazzage hular a tabarma ya ƙirga tsakuwa, ya sake ƙirgawa. Sai ya yi dariyar da na daɗe ban ji ya yi ba, tun kafin fari.

"Talatin da biyar! To in goma sha biyu ce fa?"

"Hamsin da huɗu."

Ya ce, "Wannan na yarda ba sai na gwada ba. Gwiwata ta gaji." Ya zauna ya naɗe wa Inna zarenta tsaf.

Ginin ya ci wata biyu da rabi. Masu tafiya cin rani suka tafi, aka bar tsofaffi da waɗanda ba su da kuɗin mota. Ana ɗora layin tubali, a bar shi ya bushe, a sake ɗorawa. Ruwan kududdufi ya ƙafe tun bango bai kai kafaɗa ba, aka koma rijiya, ita kuma ta yi zurfin da sai an haɗa igiya biyu. Matan gari suka raba kwanaki a tsakaninsu, yau wannan gida ya dama kunu a kai wa masu aiki, gobe wancan. Kunun ruwa-ruwa ne, wani lokaci tsamiya ta fi gari yawa, amma ban ga ranar da ba a kawo ba.

Da aka zo rufi sai azara ta gaza. Kowace kusurwa tana son a jera mata masu ƙwari huɗu a ɗaure wuri guda, waɗanda suka rage kuwa duk gajeru ne. A gidanmu akwai ɗakin kakata, mahaifiyar Baba, wanda ya gina mata da hannunsa tun kafin a haife ni. Tun rasuwarta ba mai kwana a ciki, Inna ce ke ajiye tukwane, kuma duk Juma'a sai ta share shi. Wata safiya Baba ya ce a fitar da tukwanen, ya jingina tsani, ya hau da sungumi. Inna ta fito ta tsaya tana kallonsa. Ita ta yi jinyar tsohuwar a ɗakin nan har ta cika, a nan kuma ta yi wankan jego lokacin da ta haife ni. Ba ta ce masa kada ya yi ba. Ta koma ɗakinta, kwana biyu tana ajiye masa abinci ba tare da ta zauna ba. A rana ta uku na ji yana ce mata, "Ladan ai tsohuwa zai riska, yara za su yi karatu a ƙarƙashinsa." Ta ce, "Na sani. Da dai ka faɗa mini tun da dare ɗaya." Ya ce ta yi gaskiya, ya ba ta haƙuri. Azara goma sha ɗaya aka samu a ɗakin, baƙaƙe wuluk saboda hayaƙi, sun fi duk sauran ƙwari.

Aka jera rufi, aka shimfiɗa zana, aka zuba ƙasa aka daddaɓe, aka yi yaɓen makuba a sama don kada ruwa ya ratsa. Muka tare ana tsakiyar zafin bazara. Duk wanda ya shigo daga rana sai ya yi ajiyar zuciya saboda sanyin ciki. In ka ɗaga kai za ka ga azara takwas sun tashi daga ginshiƙi sun bazu, ƙananan a jere a tsakaninsu kamar haƙoran mataji. Aibinsa ɗaya, ginshiƙin yana tare wa na baya allo. Na yi wa Baba ƙorafi, ya ce ginshiƙi ba ya matsawa, yara su matsa. Sai na raba su gida biyu, dama da hagu, na bar bayan ginshiƙin ya zama wurin ajiye takalma da tulun ruwa.

Mutane suka riƙa zuwa kallo, har daga ƙauyukan maƙwabta. Kafin watan ya ƙare mutum biyu sun yi wa Baba maganar gini in Allah ya kai mu rani mai zuwa. Ya fara fita da sassafe yana duba inda ƙasa mai kyau take.

Ruwan farko na shekarar ya same mu a cikin aji, wajen ƙarfe goma sha ɗaya na safe. Gari ya yi duhu, iska ta taso, na ga idon yara duk ya koma sama. Ni dai na ci gaba da rubutu a allo. A ɗakin kwano in ana ruwa ba ka jin maganar na kusa da kai. A nan kuwa sai da muka ji indararo yana zuba a waje muka san ruwan ya kankama. Ya yi kusan awa biyu yana sauka, mai ƙarfi, babu iska a cikinsa. Na bi kusurwoyi ina shafa bango. A kusurwar arewa na ga danshi kamar faɗin tafin hannu, ban da shi ko ɗigo babu.

Ruwa na ɗaukewa hedimasta ya buga ƙararrawa ya sallami kowa, domin ya san ko bai sallame su ba iyaye za su aiko a tafi shuka. Yara suka fita da gudu cikin taɓo. Na tsaya ina naɗe tabarmi, sai na ji sallama a bakin ƙofa. Baba ne, jiƙe sharkaf, da sungumi a kafaɗa da ƙwaryar iri a hannu. Ya ajiye su a waje, ya cire takalmi ya shigo. Ya zagaya ginshiƙin yana kallon sama, ya dafa bango nan da can. Na nuna masa danshin. Ya sa yatsa ya taɓa, ya fita ya duba ta waje, ya dawo.

Ya ce, "Ba rufin ba ne. Indararon ne ya yi gajere, ruwa na komowa jikin bango. Jibi in ƙasa ta sha iska zan ƙara masa tsawo."

Na ce, "To, Baba. Allah ya saka da alheri."

Ya ce, "Amin. In kin rufe ki biyo mu gona, Innarki na can ita kaɗai da iri, ga ƙasa ta jiƙu sosai."

Na ja ƙyauren kara na rufe, na ɗaure shi da igiya, na bi bayansa.